Shirin Kwana Huɗu a Garin da Wuri Ya Fito

 Yau labarin wata 'yar tafiya zan ba ku, wadda ban ma yi ta ba tukuna, amma shirinta kawai ya cinye mini wata biyu cur, ya kuma koya mini abubuwan da ban koya a aji ba. Na ga ya kamata in rubuta, ko Allah ya sa wata ta tsinci abin amfani ranar da tata tafiyar ta taso.

Maigidana ma'aikacin ruwa ne. Wata rana da dare bayan ya ci tuwo, sai ya ce mini an gayyace shi wani taro na kwana uku cikin watan Janairu mai zuwa, a wani gari wai shi Male, babban birnin ƙasar Maldif. Ya ce masu taron sun ɗauki nauyin tikitinsa da masaukinsa, ɗakin kuwa ya isa mutum biyu, saboda haka in ina so in bi shi, babu abin da ya rage sai kuɗin jirgina. Na ce, “Malam, ina ne kuma Male?” Ya yi dariya ya ce, “Tsakiyar teku.” Na ce to Allah ya kiyaye hanya, a dawo lafiya, gama ni tun da nake ko kwalekwale ban taɓa shiga ba.

Da maganar ta mutu nan, sai 'yata ta fari, wadda ke aji biyar na sakandare, ta ɗauko littafin taswira ta shimfiɗa a tabarma. Muka duba, muka duba, da ƙyar muka gano wasu 'yan ɗigo-ɗigo a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka, kamar an watsa gero a kan shuɗin zane. Ta ce, “Umma, ai malamin tarihinmu ya ce daga nan ake kawo wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi.” Jin haka sai gabana ya faɗi, na tashi na shiga ɗaka ba tare da na ce mata kome ba.

Dalili kuwa shi ne, a ƙasan akwatina akwai wani ɗan ƙoƙo ƙulle cikin tsumma, da wuri guda goma sha ɗaya a ciki. Kakata ta wajen uwa ce ta ba ni shi kafin ta rasu. Ta gaya mini na kakarta ne, wadda aka kamo tana yarinya lokacin yaƙe-yaƙe, aka kai ta kasuwa aka sayar, aka ƙirga kuɗinta da irin wannan wuri. Daga baya Allah ya 'yanta ta, ta yi aure, ta yi sana'ar ƙosai, waɗannan kuwa ragowar cinikinta ne da ta ƙi kashewa har Turawa suka zo da anini da kwabo, wuri ya daina ci a kasuwa. Ina ƙarama na taɓa tambayar Kaka daga ina wuri yake fitowa, ta ce ita dai ta ji an ce daga bakin ruwa, iyakar saninta ke nan. Shekara talatin ina ajiye da abin nan ban san garinsu ba, ga shi yau an yi mini tayin zuwa har can. Da gari ya waye na ce wa Maigida na sake shawara.

Farkon abin da ya tsaya mini shi ne kuɗi. Ina cikin adashi na mata goma sha biyu, kwasata kuwa ta faɗo watan Disamba, kuma tun bara na ƙudurta injin ɗinki na zamani zan saya da ita. Na zauna da fensir na yi lissafi, na ga kwasar nan, har da 'yan kuɗin tumakina biyu in na sayar, su ne za su kai ni su komo da ni, ba kuwa za a samu rarar kirki ba. Kwana uku ina juya abin a raina. Ƙanwata ta ce mini, “Yaya, ki sayi injinki, kallon ruwa ba ya kawo ko sisi.” Gaskiya ta faɗa, ban kuwa yi mata musu ba. Amma na duba na ga tsohon kekena yana ɗinki har yanzu, adashi kuma zai zagayo baɗi in muna da rai, wannan dama kuwa ba ni da tabbacin za ta sake zuwa. Na yanke shawara a kan tafiya, da sharaɗi guda da na ɗora wa kaina, watau ba zan ci bashin kowa ba ko na anini.

Sa'an nan sai Hajiya, mahaifiyar Maigida, wadda muke zaune tare. Da na je na durƙusa na gaya mata, sai ta yi shiru, kāna ta ce, “Ke 'yar nan, tambaya uku zan yi miki. Akwai masallaci a garin? Me za ki ci? In ruwan ya taso, ina za ki gudu?” Na rasa amsar ko ɗaya. Ta ce in je in nemo, in na samo sai mu yi magana. Da farko na ji haushi a raina, amma yanzu na gane tambayoyin nan uku su ne suka zama ginshiƙin shirina duka. Ni da 'yata muka duƙufa, ita tana bincike a intanet da littattafan makarantarsu, Maigida yana kawo takardun da masu taro suka aiko, ni kuwa ina rubutawa a wani tsohon littafin lissafi.

Ga abin da muka fara samu game da garin kansa. Ƙasar Maldif tsibirai ce kusan 1,200, waɗanda mutane ke zaune a kansu kuwa ba su kai 200 ba. Male ɗaya ne daga cikinsu, tsawonsa bai wuce kilomita 2 ba, faɗinsa kuwa kilomita ɗaya da 'yan kai. Da za a ɗauke shi a ajiye cikin ganuwar Kano, da ya shige har a bar fili mai yawa. Mai ƙarfin ƙafa yana iya zagaye shi ta titin bakin ruwa cikin awa ɗaya da rabi. Duk da wannan ƙanƙanta, ƙidayar 2022 da muka duba ta nuna mutanen birnin, in an haɗa da 'yan tsibiran da ke ƙarƙashinsa, sun haura 200,000. Saboda rashin fili sai suka yi ta gini sama, bene a kan bene, titunan ƙanana, babura kuwa kamar fara. Wannan ya sa na san ba hutun shiru zan je ba, kasuwa ce zan shiga mai ruwa kewaye da ita.

Nan ne na yi kuskurena na farko. 'Yata ta nuna mini hotunan wasu ɗakuna da aka kafa bisa ruwa, ga farin rairayi, ga itatuwan kwakwa, na ce lalle nan za mu. Ashe waɗannan wuraren shaƙatawa ne na baƙi masu kuɗi, kowanne a nasa tsibirin dabam, waɗanda aka fara buɗewa a 1972, kuma kwana ɗaya a yawancinsu ya fi ƙarfin adashina. Ba su ne Male ba. Tun 2009 an yarda mutanen ƙasa su buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da suke zaune, masu sauƙin kuɗi, amma zuwa can ma yana bukatar kwana da jirgin ruwa. Jerina na farko yana da wurare goma sha bakwai a tsibirai biyar. Maigida ya karanta ya ce, “Wannan ai shirin wata guda ne.” Na soke, na sake sokewa, har na tsaya a kan Male da maƙwabtansa biyu na kusa. Daidai ruwa daidai tsaki.

To, amsar tambayar Hajiya ta farko ba ta yi wuya ba. Mutanen Maldif Musulmi ne, tarihinsu ya nuna sarkinsu ya karɓi Musulunci a shekarar 1153. A Male akwai tsohon masallacin Juma'a da suke kira Hukuru Miski, wanda aka gina a 1658 zamanin Sarki Ibrahim Iskandar na ɗaya, da dutsen murjani da aka sassaƙa aka yi masa zane, ga hasumiyarsa fara mai kauri ta 1675 tsaye a gefe. Kusa da shi akwai hubbaren Abul Barakat, malamin da ake cewa shi ya musuluntar da sarkin. Akwai kuma babban masallaci mai ƙubba ruwan zinariya da aka buɗe a 1984, mai ɗaukar mutum wajen 5,000, wanda aka sa wa sunan Muhammadu Takurufanu, jarumin da ya kori Turawan Fotugal a 1573 bayan sun shekara goma sha biyar suna riƙe da garin. Masu kantuna sukan rufe na ɗan lokaci in an kira salla, saboda haka mai sayayya sai ta lura da agogo.

Abu biyu na rubuta da jan biro don kada in manta. Na ɗaya, mu nan mun saba in an ce alƙibla sai mu ce gabas, har mukan ce mutum ya fuskanci gabas in zai yi salla. A Male kuwa Makka tana arewa maso yamma, wanda ya bi sabo ya dubi mafitar rana ya ba Ka'aba baya ke nan. Na biyu, su mazhabar Shafi'iyya suke bi, mu kuwa Malikiyya, don haka in na ga ɗan bambanci a sahun mata ba abin tsoro ba ne, ba kuma abin gyara wa kowa ba ne. Hajiya ta yi mamakin maganar alƙiblar nan ƙwarai, har ta sa aka sake nuna mata a taswira.

Tambaya ta biyu, abinci. Rayuwarsu a kan kifi da kwakwa da shinkafa take. Babban kifinsu shi ne tuna, wanda masuntansu ke kamawa ɗaya-ɗaya da sanda da ƙugiya. Da safe sukan ci wani abu mai suna mas huni, watau dagargajajjen kifi da aka cuɗa da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono da lemun tsami, a haɗa da wata gurasa marar kauri da suke kira roshi, a kora da baƙin shayi. Da rana akwai garudiya, romon kifi ne tsararo da ake zubawa a kan shinkafa. Da la'asar kuma shagunan shayi suna sayar da 'yan soye-soye masu kifi a ciki, kamar yadda muke cin ƙosai da fanke. Suna da wani baƙin tafasasshen ruwan kifi mai kauri, rihakuru, wanda na lura matsayinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a namu. Giya da naman alade an hana shiga da su ƙasar, ba a kuma sayar da su a Male. Da na karanta wa Hajiya wannan sai ta ce, “To, ba tuwo?” Na ce babu. Ta ce kwana huɗu ba ya kashe mutum.

Tambaya ta uku ita ce mai nauyi, ita ce kuma ta hana ni barci. Gaskiyar magana, babu tudun da za a gudu a hau. Ƙasar Maldif tana cikin mafi ƙasƙanci a duniya, yawancin ƙasarta bai fi mita ɗaya da rabi bisa teku ba, watau bai kai tsayin mutum ba. A 1987 igiyar ruwa ta shiga Male ta yi ɓarna, bayan haka ne ƙasar Japan ta taimaka aka kewaye tsibirin da katangar kankare mai karya ƙarfin igiya. Ranar 26 ga Disamba 2004, da babbar igiyar nan ta girgizar ƙasa ta auka wa ƙasashen Tekun Indiya, fiye da mutum 80 sun rasu a Maldif, ruwa kuma ya shiga titunan Male, amma katangar ta rage masa ƙarfi, garin bai rushe ba. Damuwarsu ta yau ita ce ɗumamar duniya da ke sa teku yana ɗagowa kaɗan-kaɗan. A 2009 har shugabansu na lokacin, Muhammad Nashid, ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don duniya ta ji kukansu.

Maigida ya ƙara mini da wani abin mamaki, wanda shi ne ma dalilin taronsu. Garin da ruwa ya kewaye ta ko'ina, ruwan sha ne matsalarsa, gama rijiyoyinsa ba su isa ba, sai an tace gishiri daga ruwan teku da injuna. A watan Disamba 2014 gobara ta kama ma'aikatar tace ruwan, famfunan garin suka ƙafe kwanaki, sai da Indiya da Siri Lanka da Sin suka yi ta aiko da ruwa ta jirgin sama da na ruwa. Na ce ashe mu da muke kukan layin famfo muna da 'yan'uwa a tsakiyar teku.

Ban ɓoye wa Hajiya kome ba, na gaya mata duka yadda yake. Na ƙara da cewa watan Janairu yana cikin ranin garin, wanda ke kamawa daga wajen Disamba zuwa Afrilu, lokacin da teku ya fi kwanciya, damina da iska kuwa daga Mayu zuwa Nuwamba suke. Ta daɗe tana jan carbi, sa'an nan ta ce, “Mutum dubu ɗari biyu suna kwana suna tashi a wurin, ke kwana huɗu za ki yi. Allah ya tsare. Yaran ki bar mini su, amma ki kira ƙanwarki ta zo ta riƙa girki, ni gwiwata ba ta tsugunno.” Wannan ita ce yardar da na samu, na kuwa yi godiya.

Yanzu bari in faɗi abubuwan takarda, domin nan ne mata da yawa mukan sakar wa maza kome, ranar tafiya kuma a yi ta kame-kame. Na fara da duba fasfona na ga yana da sauran rai. Mai zuwa ziyara irina ba sai ta nemi biza tun daga gida ba, a filin jirginsu ake buga mata ta kwana 30 kyauta, muddin ta nuna tikitin komowa da shaidar masauki. Akwai takardar bayani da ake cikewa ta intanet cikin awa 96 kafin isa, 'yata ta ɗauki wannan aiki. Sai katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda lalle ne ga wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Nawa ya ɓace tun zuwana Umra, sai da na sake bin layi, na gode Allah da na tuna da wuri. Babu jirgin da ke tashi daga nan kai tsaye, sai an sauka a Doha ko Dubai an sake wani, tafiyar duka da jira tana cin kusan yini da dare. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu, saboda haka in na idar da sallar asuba a can, yarana suna tsakiyar barci, na rubuta kada in buga waya sai bayan azahar ɗinsu ta can.

Filin jirgin ma ba a Male yake ba, yana wani tsibiri dabam mai suna Hulhule. Dā sai an shiga jirgin ruwa na minti goma, amma tun 2018 an buɗe gada wadda ƙasar Sin ta taimaka aka gina, mota tana bi ta kai mutum har cikin gari. Da na ji haka na ce alhamdu lillahi, ta gada zan shiga. Kuɗinsu rufiya ne, kowace rufiya lari ɗari, a 2025 kuwa dala ɗaya tana daidai da rufiya 15 da ɗan kai a banki. Dala za mu riƙa, mu canja kaɗan don kasuwa da shayi. Harshensu Dibehi ne, rubutunsa daga dama zuwa hagu kamar ajami, amma mutanen birni da yawa suna jin Turanci. Na haddace kalmar godiya, shukuriya, sallama kuwa irin tamu ce.

Wajen kaya, garin yana da zafi da gumi dare da rana, ba shi da hunturu irin namu, saboda haka na ajiye leshi da shadda, na ware atamfa uku marasa nauyi, da mayafai na auduga, da takalmi fes wanda ba ya zamewa, da laima. Matan garin suna suturta jikinsu, don haka shigarmu ba za ta zama baƙuwa ba. Kilishin da na yi niyyar ƙullawa na fasa, gama ƙasashe da yawa suna tsanantawa a kan shigo da nama, ban kuwa so a tsare ni a bakin ƙofa saboda guzuri.

Ga yadda na raba kwanakin. Ranakun aikinsu Lahadi zuwa Alhamis ne, hutu Juma'a da Asabar, don haka duk abin da ya shafi ofis ko gidan tarihi na sa shi kafin Juma'a. Za mu isa Litinin da dare. Talata da safe, kafin rana ta yi zafi, tsohon masallaci da hubbare, da leƙen Muli'age, tsohuwar fadar da aka gama ginawa a 1919, sa'an nan gidan kayan tarihi da ke gefen lambun Sarki, inda aka ajiye karagu da tufafin sarakunansu. Sarauta ta ƙare a ƙasar a 1968, shekara uku bayan sun sami mulkin kai daga Ingila ranar 26 ga Yuli 1965. Laraba kasuwa: ta kayan lambu da busasshen kifi da safe, ta ɗanyen kifi da la'asar lokacin da jiragen masunta ke komowa. Alhamis za mu bi gada zuwa Hulhumale, tsibirin da mutane suka yi da hannunsu ta hanyar cike teku da rairayi, aka fara zama a kansa a 2004 don rage cunkoso. Juma'a da safe gari yakan yi tsit har a sauko daga masallaci, sai in huta, in haɗa kaya, da dare mu kama hanya.

Saura abu guda da na sa a ranar Laraba, na soke, na sake rubutawa har sau uku. Akwai wani ɗan tsibiri a yamma da Male mai suna Bilimale, mai itatuwa da shiru, jirgin ruwa na kai mutum cikin minti goma da kuɗi kaɗan. 'Yata ta ce, “Umma, ki je har tsakiyar teku ki dawo ba ki shiga jirgin ruwa ba? Me za ki gaya wa su Auta?” Na bar shi a rubuce. Zan nemi kujerar tsakiya, kusa da rigar ruwa, in kama bakina da addu'a.

Tsaraba ma na yi mata iyaka tun daga gida, gama ita ce ke karya matafiyi. Abin da aka san ƙasar da shi, tabarmi ne masu laushi na saƙar hannu, da 'yan akusa na katako masu fenti ja da baƙi da rawaya, da busasshen kifi. An gargaɗe mu cewa tarkacen da ke shagunan baƙi da yawa daga wasu ƙasashe ake kawo su, kuma an hana fita da kayan ƙoƙon kunkuru da baƙin murjani. Na rubuta sunayen mutum tara, kowa da abin da zai samu, wadda ba ta ga sunanta ba ta yi haƙuri da labari.

Amma wurin nan da ya tayar da maganar, shi na fi karantawa a kai. Wata 'yar dodon-koɗi ce ta teku. Mutanen tsibiran sukan jefa ganyen kwakwa a ruwa, 'yan halittun su manne, a jawo a shanya a rairayi har naman ya ruɓe, ya bar ƙoƙon fari tas. Ibn Batuta, matafiyin nan na Maroko, ya zauna a Male wajen 1343 zuwa 1344 har ya yi alƙalanci, ya kuma rubuta cewa mace ce ke sarauta, sunanta Khadija. Ya ce a can ana ba da wuri 400,000 a kan dinari ɗaya na zinariya, amma da ya zo ƙasar Mali daga baya ya tarar 1,150 ne a dinari. Ku dubi wannan riba. Mutumin nan kuwa ya taka har Takadda, a ƙasar Nijar ta yau, a 1353. Daga baya Turawan Holan da na Ingila suka riƙa lodin wuri a jiragensu zuwa Turai, daga can su kawo shi gaɓar Afirka ta Yamma su sayi bayi da shi, fatake kuma su hauro da shi arewa. Da Barth, Baturen da aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ne a kan riyal ɗaya na azurfa. Keso guda wuri 20,000 ne. Kalmar kuɗi ma da muke faɗa kullum jam'in wuri ce, har gobe kuma mukan ce naira kaza wuri na gugar wuri, ba tare da mun tuna abin da muke faɗa ba.

Da na gama karanta wannan na fito da ƙoƙon Kaka na zuba a tafin hannuna. Na yi tunanin wata mace a bakin ruwa tana shanya su a rana, ba ta san inda za su ba, da wata yarinya a kasuwa ana ƙirga su a gabanta, ba ta san inda suka fito ba. Ni jikar jikar yarinyar ce, na kuma iya karatu, har ina da fasfo da sunana. Na ware guda ɗaya na ƙulle a bakin mayafina, goma kuwa na ba 'yata ta ajiye, na gaya mata labarinsu daga farko har ƙarshe, abin da ban taɓa yi ba. Ba wani tsafi zan yi da shi ba, Allah ya kiyaye. So nake in tsaya da shi a bakin ruwan garinsu, in yi wa Kaka da kakarta addu'a, in komo da shi gida.

Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, in tafiya ta same ku, ko ta kwana biyu ce zuwa garin da ba ku sani ba, ku sayi ɗan littafi ku rubuta tambayoyinku, ku nemi amsa tun kuna gida, ku yanke abin da za ku kashe, ku kuma rage jerin wuraren zuwa har ya yi daidai da kwanakinku. Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe darasin taswira da na tarihi da kyau, gama da ba don 'yata ta saurari malaminta ba, da yanzu injin ɗinki na saya, ƙoƙon Kaka kuma yana nan a ƙasan akwati. Tikiti dai an saya, tumaki sun tafi, ƙanwata ta yarda za ta zo ta yi girki. In Allah ya kai mu ya komo da mu lafiya, zan ba ku labarin yadda na ƙare da jirgin ruwan Bilimale. Ku sa mu a addu'a.